BABI NA UKU: YADDA SHAƘUWA DA MAZAUNI KE GINUWA A TSAKANIN AL'UMMAR GAFASA

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yanayin ƙasar Gaya da Ajingi da kuma sana'o'in mutanenta. A wannan babi za a duba yadda mutum yake shaƙuwa da wurin da yake zaune, har ya kai ga kiran wurin "garinmu" ko "unguwarmu", ya riƙa jin zafin abin da ya taɓa wurin kamar jikinsa aka taɓa. Za a fara da fito da ma'anar shaƙuwa da mazauni, sa'an nan a nuna matsayin Gafasa a ƙasar Gaya. Daga nan sai a bi hanyoyin da wannan shaƙuwa take ginuwa ɗaya bayan ɗaya, a kuma dubi matsayin baƙo da na ɗan cin-rani, kafin a kawo sauye-sauyen da zamani ya zo da su.

3.1 Ma'anar Shaƙuwa da Mazauni

Abin da ake nufi da mazauni a nan shi ne wurin da mutum yake gudanar da rayuwarsa ta yau da kullum, tun daga gidan da yake kwana, zuwa unguwar da gidan yake, har zuwa gari da gonakin da suke kewaye da shi. Shaƙuwa da mazauni kuwa ita ce dangantakar da take ƙulluwa tsakanin mutum da wannan wuri saboda daɗewar zama da yawan cuɗanya, ta yadda zai san wurin ciki da bai, wurin kuma ya zama wani ɓangare na yadda yake bayyana kansa ga jama'a.

Masana labarin ƙasa sun yi rubuce-rubuce a kan wannan batu, musamman a shekarun 1970. Daga cikinsu akwai Yi-Fu Tuan, wanda a aikinsa na 1977 ya bambanta fili da mazauni. A ganinsa, fili yana komawa mazauni ne a lokacin da mutane suka san shi, suka kuma ɗora masa daraja. Shi kuwa Edward Relph, a 1976, ya mai da hankali ne a kan bambancin wanda yake jin kansa a cikin wuri da wanda yake kallon wurin daga waje.

Bahaushe ya riga ya tanadi wannan bambanci a cikin harshensa. Yana da kalmar "daji" ko "dawa" don wurin da ba a zauna ba, yana da "gari" don wurin da aka zauna, yana kuma da "kufai" don wurin da aka taɓa zama aka tashi. Ƙasar kufai ba ta da bambanci da ta dajin da yake kusa da ita, amma ana ba ta suna dabam saboda an san mutane sun yi rayuwa a kanta. Haka kuma kalmar "gida" tana ɗaukar ma'anar gini, tana ɗaukar ma'anar iyali, tana kuma ɗaukar ma'anar garin asali, kamar a ce "ya tafi ganin gida". Kalmar "mahaifa" ita ma tana nufin inda jariri yake kwanciya a cikin uwa, tana kuma nufin garin da aka haifi mutum. Wannan ya nuna cewa a tunanin Bahaushe, mutum da wurin zamansa a haɗe suke.

3.2 Matsayin Gafasa a Ƙasar Gaya

Gafasa tana cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi, a gabashin Jihar Kano, yankin da yake maƙwabtaka da Jihar Jigawa. Tana ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na wannan ƙaramar hukuma. Sauran su ne Ajingi da Balare da Chula da Dabin Kanawa da Dundun da Gurduba da Kunkurawa da Toranke da Unguwar Bai. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna cewa mutanen Ƙaramar Hukumar Ajingi sun haura 170,000. Mafi yawansu Hausawa ne da Fulani, Musulmi, masu dogaro da noma da kiwo da ƙananan sana'o'i.

Ita kanta Ajingi daga jikin Ƙaramar Hukumar Gaya aka cire ta a cikin shekarun 1990, lokacin mulkin soja. Saboda haka duk wanda zai yi maganar asalin mutanen wannan yanki, dole ya ratsa ta Gaya. Gaya tsohon gari ne a tarihin ƙasar Kano. Tarihin baka ya nuna cewa daga can ne wani maƙeri mai suna Kano ya taso da jama'arsa suna neman tama, suka sauka a gindin Dutsen Dala, kuma zuriyarsu ce ake kira Abagayawa. Littafin tarihin sarakunan Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ambaci Sarkin Gaya Agalfati a zamanin Sarkin Kano Yakubu (1452-1463), ya kuma ambaci tawayen Sarkin Gaya Farin Dutse a zamanin Sarkin Kano Dadi (1670-1703). Wannan daɗaɗɗen tarihi shi ne abin da mutumin yankin yake jingina da shi idan ya ce shi ɗan ƙasar Gaya ne.

Idan aka lura, za a ga mutumin Gafasa yana da amsa fiye da ɗaya ga tambayar "daga ina kake?" Idan a cikin gari aka tambaye shi, sunan unguwarsu ko gidansu zai faɗa. Idan a Ajingi ne, zai ce Gafasa. A birnin Kano yakan ce Ajingi ko Gaya. Idan kuwa ya sauka Legas ko Fatakwal, Bakano ne kawai. Wato ke nan mazauni hawa-hawa ne, kuma nisan da mutum ya yi da gida shi yake nuna hawan da zai ambata.

3.3 Hanyoyin da Shaƙuwa da Mazauni Take Ginuwa

Ba a haihuwar mutum da son wani wuri. Shaƙuwa abu ne da yake ginuwa sannu a hankali ta hanyoyi da dama, waɗanda za a kawo muhimmansu a nan.

3.3.1 Gida

Gida shi ne matakin farko. A al'adar Hausawa, idan aka haifi jariri akan binne mabiyiya a cikin gida, haka ma guntuwar cibiya idan ta faɗi ba a yar da ita a ko'ina. Daga nan aka sami salon maganar da ake cewa "a can aka binne cibiyarsa", wato can ne asalinsa. Bayan kwana bakwai akan raɗa suna a gaban liman da maƙwabta, yawanci a ƙofar gida. Ta haka unguwa take shaida cewa ta sami ƙarin mutum ɗaya.

Tsarin ginin gidan ma yana koya wa yaro iyakokin wuri. Yakan tashi ya ga zaure wurin maza ne da baƙi, tsakar gida ta mata ce da yara, turaka ta maigida ce, rumbu kuma ba a buɗe shi sai da izini. Tun kafin ya iya magana sosai ya san inda ake sallama kafin a shiga, da inda ake tuɓe takalmi. A ƙauyuka gida ɗaya yakan ƙunshi sassa da yawa, na uba da na 'ya'yansa maza da suka yi aure, kuma akan san gidan da sunan wanda ya kafa shi ko da sana'ar mutanensa, kamar gidan liman ko gidan maƙera ko gidan mahauta. Sunan yakan zauna ko da wanda ya kafa gidan ya daɗe da rasuwa.

Ya kamata a lura da cewa hanyar mace dabam take da ta namiji. Namiji yakan girma ya yi aure a gidan da aka haife shi ko kusa da shi, ita kuwa mace aure yake ɗauke ta zuwa wani gida, wani lokaci ma wani gari. Saboda haka takan kasance da wuri biyu a ranta, wato gidansu da ɗakinta. Al'ada ta tanadar mata hanyoyin riƙe na farkon, kamar goyon ciki da wankan gida a haihuwar fari, da zuwa biki da suna da ta'aziyya. Na biyun kuwa tana gina shi ne ta hanyar 'ya'yan da ta haifa, da ƙawayen da ta yi, da adashi, da bikin da ake yi wa juna. Wannan kai da komo na mata shi ne yake ɗinke ƙauyukan yankin da juna, domin da wuya a sami gidan da ba shi da surukai ko kawunnai a wani ƙauye na kusa.

3.3.2 Gona

A wurin manomi, babu abin da ya kai gona ɗaure mutum da gari. Hanyoyin samun gona a ƙasar Hausa sun haɗa da gado da saye da aro da jingina da haya, amma gonar gado ita ce ta fi daraja, domin ita ce shaidar cewa iyayen mutum sun zauna a wurin. Shi ya sa ake ganin sayar da ita a matsayin abin kunya, sai fa in dole ta kama.

A tsarin gandu, uba da 'ya'yansa sukan yi aiki tare a babbar gona, kowane ɗa kuma a ba shi gayauna ya noma don kansa. A nan ne yaro yake sanin ƙasa. Yana koyon bambancin jigawa da fadama, da inda gero yake yi da inda sai dawa, da inda ruwa yake kwanciya. Yana kuma haddace iyakoki, waɗanda akan shaida su da gamba ko da wata bishiya kamar kuka ko ɗorawa ko tsamiya ko gawo. Irin wannan sani ba a rubuce yake ba, kuma ba ya amfani a wani wuri. Wanda ya bar garin ya koma wani, sai ya sake koyo daga farko.

Bugu da ƙari, ƙasar Kano ta daɗe da cika da jama'a, ta yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Abin da yake riƙe ta shi ne takin da ake kai mata a mangala ko a amalanke da rani. Ke nan albarkar gona gumin iyaye da kakanni ne da ya taru shekara da shekaru. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa rikicin iyakar gona yake zafi fiye da yadda girman filin ya cancanta a idon wanda ba ɗan garin ba.

Gayya ma tana da nata tasiri. Idan mutum ya kira gayya, maƙwabta suka taru suka nome masa gona, ya ɗauki bashin da zai biya da ƙarfinsa ran da wani ya kira. Hausawa suna cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Irin wannan bashi na ƙarfi yana ɗaure mutum da maƙwabtansa fiye da yadda kuɗi za su yi.

3.3.3 Unguwa da Wuraren Haɗuwa

Unguwa takan ginu ne a kewayen wasu wurare da jama'a suke haɗuwa kullum. Na farko shi ne masallaci. Mutanen da suke haɗuwa sau biyar a rana sun san fuskar juna, kuma idan aka rasa wani a sahu kwana ɗaya ko biyu, za a tambaya ko lafiya. A nan ake sanar da ɗaurin aure da suna da rasuwa, a nan kuma ake fara sasanta ƙananan rigingimu. Masallacin Juma'a da filin Idi su kuma suna tara unguwanni da ƙauyukan kewaye, su nuna musu cewa su jama'a ɗaya ce.

Na biyu shi ne makarantar allo da dandali. Yaran da suka yi karatu a gaban malami ɗaya, suka yi langa da tashe tare, 'yan mata kuma suka yi gaɗa a dandali ɗaya, sukan riƙe wannan zumunci har tsufa. Sa'o'in juna sukan girma su kafa majalisa a gindin bishiya ko a ƙofar wani zaure, kowa da wurin zamansa da aka san shi da shi.

Na uku shi ne rijiya da kasuwa. Kasuwannin ƙauye suna ci ne mako-mako, kowace da ranarta, don haka mutum yakan lissafa kwanakin mako da sunayen garuruwan da kasuwarsu take ci. Babbar kasuwar shanu ta Wudil, wadda take ci ranar Juma'a, tana daga cikin wuraren da makiyaya da fataken gabashin Kano suke haɗuwa. A kasuwa ne mutum yake ganin garinsu ta idon wasu, domin a can zai ji kirarin da ake yi wa mutanen garinsu da kuma tsokanar da ake yi musu.

Na ƙarshe shi ne maƙabarta. Jama'ar unguwa su suke haƙa kabari, su ɗauki gawa, su zauna zaman makoki. Wanda iyayensa suke kwance a maƙabartar gari yana da wata alaƙa da garin da babu mai iya raba shi da ita.

3.3.4 Sarauta da Hukuma

Tsarin sarauta shi ne yake ba mazauni iyaka da shugaba. Kowane magidanci yana ƙarƙashin mai unguwa, mai unguwa yana ƙarƙashin dagaci, dagaci yana ƙarƙashin hakimi, hakimi kuma yana ƙarƙashin sarki. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun tsara ƙasar gunduma-gunduma, suka sa hakimai su zauna a cikin gundumominsu. A zamanin En'e, haraji shi ne ya fi komai tabbatar da inda mutum yake, domin sunan kowane baligi yana cikin lissafin wani mai unguwa, makiyayi kuma yana biyan jangali. Gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, amma matsayin mai unguwa na wanda ya san kowa bai gushe ba. Har yanzu shi ake nema ya shaida cinikin gona, shi ake kai wa rahoton baƙo, kuma ta hannunsa da na dagaci ake bi wajen tabbatar da asalin mai neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma.

Akwai kuma sarautun sana'a, irin su sarkin noma da sarkin ƙira da sarkin fawa da sarkin aska. Waɗannan suna sa kowane rukuni na jama'a ya ji yana da wakili da matsayi a cikin gari.

3.3.5 Suna

Wata hanya da Bahaushe yake nuna shaƙuwa da garinsa ita ce liƙa sunan garin a jikin nasa. Wannan ɗabi'a ta yaɗu ne musamman ta hanyar makarantun boko da aikin gwamnati, inda ake bambanta masu suna iri ɗaya da garuruwansu. A wannan yanki akwai misalin Alhaji Sule Gaya, wanda ya yi minista a gwamnatin Jihar Arewa, da Kabiru Ibrahim Gaya, wanda ya yi gwamnan Jihar Kano daga 1992 zuwa 1993. Mai ɗauke da sunan gari ya san cewa abin da ya aikata, na kirki ko akasinsa, da garin za a danganta shi.

3.4 Ɗan Gari da Baƙo

Shaƙuwa da mazauni tana tafiya ne tare da bambanta na ciki da na waje. Hausawa suna cewa da ɗan gari akan ci gari, suna kuma cewa baƙo raɓa ne. Sai dai a ƙauyen Hausa ƙofar zama ɗan gari ba a rufe take ba. Baƙon da ya zo da niyyar zama yakan sauka a hannun wani maigida, a kai shi wurin mai unguwa, a ba shi aron gona ko filin gini. Idan ya daɗe, ya yi aure a garin, ya hayayyafa, ya halarci jana'iza da gayya, 'ya'yansa sukan tashi a matsayin 'yan gari, ko da kuwa za a ci gaba da kiran gidan da sunan inda ya fito. Irin wannan ne ya haifar da unguwanni a birnin Kano kamar Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa, waɗanda sunayensu suke tuna asalin mutanen da tuni suka zama Kanawa.

Matsayin Fulani makiyaya ya ɗan bambanta. Shaƙuwarsu ba ta tsaya a kan gida da gona kawai ba, ta haɗa da burtali da mashaya da makiyaya. A da, akwai fahimtar juna mai ƙarfi, inda manomi yake gayyatar makiyayi ya sauka a gonarsa bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. A duk inda noma ya cinye burtali, makiyayi yakan ji an raba shi da wurin da kakanninsa suka bi, manomi kuma yana ganin gonarsa ce yake karewa. Wato kowannensu yana da shaƙuwa ta gaskiya da fili ɗaya, kuma a nan ne rigima takan taso.

3.5 Cin-rani da Riƙon Gida

Damina a wannan yanki ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar, saboda haka da zarar an gama girbi, samari da magidanta da yawa sukan fita cin-rani zuwa birnin Kano ko Abuja ko kudancin ƙasa, su yi dako ko ga-ruwa ko gadi ko acaɓa ko ƙaramin ciniki. Almajirai ma sukan bi malamansu zuwa wasu garuruwa. Farin da aka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta lalata gyaɗa a 1975, da kuma farin 1984, duk sun ƙara tura mutanen karkarar Kano neman abinci a waje.

Ana iya zaton cewa irin wannan fita tana rage shaƙuwa da gida, amma sau da yawa ƙara ta take yi. Ɗan cin-rani yakan sauka ne a wurin mutumin garinsu da ya riga shi zuwa, su kwana wuri ɗaya, su ci abinci tare, wanda zai koma gida kuma a ba shi saƙo. Abner Cohen, a binciken da ya wallafa a 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda Hausawa a baƙon wuri suke ƙara riƙe al'adunsu da shugabancinsu domin kare sana'arsu. Abin da ɗan cin-rani ya tara kuwa gida yake komawa, a sayi taki ko akuya, a yi rufin kwano, ko a yi aure. Ana sa ran ganinsa da faɗuwar ruwan farko da kuma lokacin salla. Wanda ya daina zuwa, ya daina aike, shi ake yi wa karin maganar nan cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

3.6 Sauye-sauyen Zamani

Abu na farko da ya taɓa yadda mutanen yankin suke kallon mazauninsu shi ne yawan sauya iyakokin mulki. Dattijon da aka haifa kafin 1967 ya fara rayuwa ne a Lardin Kano na Jihar Arewa. A 1967 ya zama ɗan Jihar Kano. A 1976 aka yi gyaran ƙananan hukumomi, ikon En'e ya ƙare. A 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, sai maƙwabtan gabas, waɗanda ake auratayya da cin kasuwa tare da su, suka koma wata jiha. Bayan haka aka raba Ajingi da Gaya. A 2019 gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta kafa Masarautar Gaya tare da na Bichi da Rano da Ƙaraye. A watan Mayu na 2024 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe waɗannan masarautu, sa'an nan a watan Yuli na shekarar ta sake kafa Gaya a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, wadda ta ƙunshi Gaya da Ajingi da Albasu. Duk wannan ya faru ne alhali mutumin yana zaune a gida ɗaya, yana noma gona ɗaya. Abin lura a nan shi ne, hawan sama na mazauni, wato jiha da masarauta da ƙaramar hukuma, shi ne hukuma take iya sauyawa da alƙalami, amma gida da unguwa da gari suna nan yadda jama'a suka san su.

Duk da haka, iyakokin hukuma suna da tasiri a rayuwa. Takardar shaidar ƙaramar hukuma ita ake nema wajen shiga manyan makarantu da ɗaukar aikin gwamnati. Mazaɓa kuma ita ce ma'aunin zaɓen kansila da rabon ayyuka irin su rijiyar burtsatse da ɗakin shan magani da ajujuwan makaranta. Saboda haka sunan Gafasa a yau yana nufin gari, yana kuma nufin mazaɓa mai ƙauyuka da suke neman haƙƙinsu da murya ɗaya.

Abu na biyu shi ne ƙarancin ƙasar noma. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa kula da filayen karkara a hannun ƙananan hukumomi, amma a aikace gado ne yake raba gonaki. Gonar da mutum ɗaya ya noma, idan aka raba ta tsakanin 'ya'ya, sa'an nan jikoki, takan koma 'yan kunyoyi da ba za su ciyar da iyali ba. Saurayin da ba shi da gonar da za ta riƙe shi, cin-raninsa yakan zarce ya zama ƙaura. 'Ya'yan da zai haifa a birni za su san sunan garin, amma ba za su san iyakar gonar kakansu ba.

Abu na uku shi ne hanyoyin sadarwa. Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, wanda yake nesa yana jin labarin haihuwa da rasuwa a ranar da suka faru, yana kuma aiko da kuɗi ba tare da jiran mai tafiya gida ba. Wannan ya sauƙaƙa zumunci. Sai dai kuma ya rage dalilin zuwa da ƙafa, alhali kuwa, kamar yadda aka gani a baya, shaƙuwa tana ginuwa ne ta hanyar zama tare da yin aiki tare.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa shaƙuwar mutanen Gafasa da mazauninsu tana farawa ne daga gida, ta faɗaɗa zuwa gona da unguwa, sarauta ta yi mata iyaka, tarihin ƙasar Gaya kuma ya ba ta asali. An ga cewa mace tana riƙe da wuri biyu, baƙo yana iya zama ɗan gari, ɗan cin-rani kuma yana tafiya da garinsu duk inda ya je. An kuma nuna cewa sauyin iyakokin mulki bai girgiza wannan shaƙuwa ba kamar yadda ƙarancin gona yake yi, domin gona ita ce take tsayar da mutum a gari har sauran hanyoyin su yi aikinsu. A babi na gaba za a duba yadda wannan shaƙuwa take fitowa a cikin maganganun jama'ar yankin, musamman kirari da karin magana da sunayen wurare.